Ku Tambaya Mu Amsa: Aika Kayan Sayarwa Zuwa Ƙasashen Waje

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga masu sana'a ta Instagram da WhatsApp da TikTok ne, waɗanda suka fara samun masu saye a Ingila da Amurka da Jamus da Saudiyya. Mun zaɓi biyar da suka fi maimaituwa.

Daga wani mai sayar da huluna a Kasuwar Kurmi, Kano: Assalamu alaikum. Na kai kwalin huluna ofishin masu jigila, a gabana aka ɗora shi a sikeli ya nuna kilo 4, amma aka yanka mini kuɗin kilo 12. Cuta ce ko ƙa'ida?

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙa'ida ce. Jirgin sama wuri yake sayarwa tare da nauyi, don haka kowane kwali awo biyu ake yi masa: na sikeli da na girma, wanda ya rinjaya shi ake biya. Ga yadda ake fitar da na girma. A auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a ninka su ukun, a raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 zai ba da 60,000, idan an raba ya zama kilo 12. Ka ga inda kuɗinka ya fito. Da 5,000 manyan kamfanonin gaggawa irin su DHL suke lissafi, masu dakon kaya ta jirgi da yawa kuma da 6,000 suke yi, saboda haka ka tambaya kafin ka kwatanta farashin wannan da na wancan.

Kilo takwas ɗin da suka hau kanka iska ce ka biya wa kuɗin jirgi. Hula ba ta da nauyi amma tana cin wuri. Ka jera su ɗaya cikin ɗaya, biyar-biyar ko shida-shida, da siririyar takarda a tsakani don kada zare ya kama zare, sannan ka yanke kwalin daidai tsayin jerin. Kwalin nan da ka kai, da ka rage tsayinsa zuwa santimita 15, kilo 6 za ka biya. Kada dai ka danne su har su karye, domin hular da ta rasa bugunta ba za ta burge mai ita ba. Masu shadda da atamfa ba su cika shiga wannan matsala ba, kayansu nauyin sikeli ne ke rinjaye. Mai mayafai da dogayen riguna kuwa ya nemi ledar da ake zuƙe wa iska.

Ka ajiye tef na awo da ƙaramin sikeli a shago, kada ka faɗa wa mai saye kuɗin aike sai ka ɗaure kwali ka auna. Ka kuma tambayi ofishin ko farashin ya haɗa da ƙarin kuɗin mai da na kai kaya garuruwan da ke nesa da birni, don sau da yawa daban ake lissafa su.

Daga wata mai sana'ar turare a Maiduguri: An karɓi turaren wuta amma an ƙi karɓar humra, wai kaya ne mai haɗari. Wata ƙawata ta ce in rubuta man shafawa ne, zai wuce. In yi hakan?

A'a Hajiya, don Allah kada ki yi. Humra da yawa ana haɗa su da turarukan ruwa masu sifirit, kuma a dokar jigilar jiragen sama duk ruwan da tiririnsa ke kama wuta a zafin digiri 60 ko ƙasa da haka kaya ne mai haɗari, rukuni na 3. Turare mai sifirit lambarsa ta duniya UN1266. Gidan waya ba ya ɗaukarsa zuwa ƙetare. Kamfanonin gaggawa suna ɗauka, amma sai daga wanda suka amince masa da aika irin waɗannan kaya, da kwali na musamman da tambari da ƙarin kuɗi. Kwalba a cikin jirgi tana shan canjin iska da jijjiga, murfin da ya zauna lafiya a kan teburinki yana iya tsiyaya a sama. Maganar rayukan mutane ce ke nan. Kuma kwali yana bi ta na'urar haska kaya, jami'an NDLEA ma suna buɗe kwalaye a ofisoshin jigila. Idan abin da ke ciki ya saɓa da abin da ke takarda, a ƙwace kayan, a rufe miki asusu, tara ma tana iya biyo baya.

Hanya biyu ce mai kyau. Ta farko, ki haɗa wa 'yan waje humra ta mai zalla, ba sifirit, ki nemi takardar bayanin sinadari da ake kira SDS daga inda kike sayen man turaren, ki kai wa ofishin su duba zafin da yake kama wuta kafin su yanke hukunci. Ta biyu, ki bi ta ejan ɗin dakon kaya mai izinin ɗaukar kaya masu haɗari, ki tara oda da yawa ki aika a tafi ɗaya don kuɗin ya rabu a kansu. Ko ta wacce kika bi, kada ki cika kwalba har baki, ki bar mata ɗan wuri, ki naɗe murfi da selotef, kowace kwalba a ledarta mai zif, da abin da zai tsotse ruwa idan ta zuba.

Shi ma turaren wuta, a rubuta sunansa na gaskiya da lambarsa ta kwastam, 3307.41. Idan kuma gutsattsarin itacen udu ne na asali, ki sani yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke kare tsirrai da namun daji masu barazanar ƙarewa, sai da takardar izini.

Daga wani matashi a Zariya: 'Yan'uwanmu da ke Landan da Amurka suna ta neman kilishi da dambun nama da yaji. Yaya zan yi?

Ɗan'uwa, kilishi da dambu ka cire su daga lissafi. Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin nama ya shiga a irin wannan ƙunshi daga Najeriya, saboda tsoron cututtukan dabbobi, kuma bushewa ko gashi ba ya canja hukuncin. Idan aka gani ƙonawa ake yi, ba a mayarwa. Busasshen wake ma Tarayyar Turai ta dakatar da shigarsa daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Yaji da kuka da zoɓo da citta su ne ke da hanya. Su bushe ƙarau, a rufe su a leda mai liƙi, da takarda mai suna da abin da aka haɗa da nauyi da ranar lalacewa. Idan yajin da ƙuli-ƙuli a ciki, a rubuta akwai gyaɗa ɓaro-ɓaro, don akwai mutanen da gyaɗa ke kai wa asibiti. Kayan tsiro suna buƙatar takardar lafiya daga hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan noma a Najeriya, sarrafaffen abinci kuma ta NAFDAC. Na Amurka sai an sanar da hukumarsu ta abinci da magunguna, FDA, ta intanet kafin kaya su isa, a manna lambar sanarwar a takardun aike.

Daga wata mai ɗinki a Kaduna: Na aika wa wata kaya Jamus, ta biya ni kuɗin kaya da na aike. Da suka isa aka ce sai ta biya haraji, ta ƙi, yanzu ana cewa za a dawo mini da su kuma ni zan biya kuɗin dawowa. Laifin wa?

'Yar'uwa, muna taya ki jaje, amma gyaran daga wajenki zai fara, domin ba a yi maganar haraji ba kafin ciniki ya faɗa. Kuɗin aike daban, kuɗin shiga ƙasa daban. Tun 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su wuce Yuro 22 ba, yanzu kowane kayan sayarwa sai ya biya harajin VAT. A Jamus kashi 19 cikin 100 ne, kuma a kan kuɗin kaya haɗe da na aike ake ɗora shi. Kayan Yuro 100 da aiken Yuro 40, harajinsu Yuro 26.60, ban da kuɗin fito idan ya hau, ban da ladan da kamfanin jigila ke karɓa na fitar da kayan. Ingila kashi 20 take karɓa, Saudiyya 15. Amurka da a da take barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga kyauta, ta rufe wannan ƙofa ranar 29 ga Agusta 2025.

A takardar aike akwai wurin da ake zaɓar mai biya. DAP na nufin mai karɓa zai biya a can. DDP na nufin ke za ki biya, kamfani ya caje ki, kaya su isa ƙofarta ba a tambaye ta ko sisi ba. Ga kayan biki da ake jira da rana, DDP ya fi kwanciyar hankali, sai ki sa harajin cikin farashi. Idan DAP kika zaɓa, ki rubuta mata a saƙo cewa akwai harajin da za ta biya, ki jira ta amsa ta yarda kafin ki aika.

A yanzu ki gaggauta kiran ofishin da lambar bibiyar kayan, ki tambaya ko za a iya mayar da harajin kanki kafin kwalin ya juyo. Sau da yawa biyan harajin ya fi kuɗin dawowa sauƙi nesa ba kusa ba, ga kuɗin ajiya da ke hawa idan kaya sun daɗe.

Nan gaba ki kula da takardar farashi. Kalma ɗaya irin "tufafi" ko "kyauta" ita ke sa kwastam su riƙe kaya. A rubuta: doguwar rigar mata ta auduga, guda 3, kowace Yuro kaza, an yi a Najeriya. A sa cikakken adireshi da lambar yanki ta gidan waya da lambar wayar da mai kayan ke ɗauka. Na Saudiyya a nemi gajeren adireshinsu na ƙasa, haruffa huɗu da lambobi huɗu.

Daga wani baduku a Sakkwato: Jakunkunan fata sun isa da fumfuna, wani kwalin kuma ya ɓata gaba ɗaya. Za a biya ni?

Malam, na fumfuna da wuya a biya ka, don za a ce daga ɗauri ne. Fatar da ba ta gama shan iska ba, aka kulle ta a leda lokacin damina, kwana kaɗan ya ishe ta ta yi fari-fari. Ka shanya a inuwa kwana biyu ko uku bayan rini da shafa mai, ka naɗe da takarda ko yadi maimakon leda, ka jefa ƙullin nan mai tsotse danshi biyu ko uku cikin kowace jaka. Fatar kada da mesa da guza kuwa kada ka aika ba tare da izinin CITES ba.

Na ɓata za a biya, sai dai ba yadda kake zato ba. Idan ba ka sayi inshora ba, da nauyi ake biya: yarjejeniyar Montreal, wadda ta shafi jigilar jiragen sama tsakanin ƙasashe, ta ƙayyade abin da ya kai kusan dala 35 a kowane kilo. Kwalin kilo 5 ke nan bai wuce dala 175 ba, ko da kayan dala 600 ne a ciki. Mai inshora kuma ƙimar da ya rubuta ita za a duba, wanda ya rage farashi don gudun haraji kansa ya yi wa.

Ka shigar da ƙorafi a rubuce yau, kada ka tsaya kan waya, domin wa'adin gajere ne: na kayan da suka lalace kwana 14 ne daga ranar karɓa, kowane kamfani kuma yana da nasa wa'adin na ɓata a bayan takardar aike. Ka haɗa da takardar aiken, da takardar farashi, da shaidar kuɗin da mai saye ya turo, da hoton kayan a cikin kwali kafin a rufe idan ka ɗauka.