Shin jerin sababbin 'yan wasa na nuna jami'ar da za ta ɗauki kofin lakros?

Tambaya: Malam, ina karatu a Amurka, kuma na fara bin wasan lakros na jami'o'i, wanda ake yi da sanda mai raga a kai. Kowace shekara mujallu irin su Inside Lacrosse suna jera jami'o'i bisa ƙwarewar matasan da suka ɗauko daga sakandare. Shin wadda ta zo ta ɗaya a wannan jeri ita ce ke cin kofi daga baya?

Amsa: Jerin yana da amfani, amma bai kai inda ake kai shi ba. Abin da yake nunawa daidai shi ne jami'o'in da za su daɗe a sahun gaba. Tun da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta fara gasar maza a 1971, kofin yana yawo ne a hannun 'yan tsiraru irin su Syracuse, Johns Hopkins, Virginia, Princeton, North Carolina, Maryland da Duke, kuma sunayensu ne ake yawan gani a saman jerin. Sai dai a lura, ba jerin ne ya ba su girma ba. Sau da yawa girmansu ne yake jawo musu yaran da kowa ke so.

Inda lissafin yake rushewa shi ne wurin faɗin wanda zai ci kofi. Johns Hopkins rabonta da shi tun 2007, Syracuse tun 2009, alhali ba su daina samun fitattun matasa ba. A gefe guda, Loyola ta jihar Maryland ta shiga kakar 2012 ba ta ma cikin jerin manyan ƙungiyoyi, ta ƙare da doke Maryland 9 da 3 a wasan ƙarshe. Denver ta ci a 2015, Yale a 2018, kowacce karo na farko a gasar ta NCAA.

Babban dalili, a ganina, shi ne shekarun da ake auna yaran. Kafin 2017 masu horarwa sukan karɓi alkawarin yaro ɗan shekara 14 ko 15, tun jikinsa bai gama ginuwa ba, har sai da NCAA ta hana tuntuɓar ɗalibi kafin 1 ga Satumba na shekararsa ta uku a babbar sakandare. Dokar ta rage ɓarnar, amma har yanzu wanda ya riga sa'o'insa girma shi ke cika ido, mai jinkirin girma kuwa sai a wuce shi. Pat Spencer bai ja hankalin manyan jami'o'i sosai ba, ya tafi Loyola, kuma a 2019 ya karɓi kyautar Tewaaraton ta gwarzon ɗan wasa. Trevor Baptiste da farko wata kwaleji ta rukuni na uku (matakin ƙasa a gasar NCAA) ya nufa kafin Denver ta ɗauke shi, kuma shi ne ya riƙa kwashe mata ƙwallo a kokawar tsakiyar fili, inda 'yan wasa biyu ke neman mallakar ƙwallo don fara wasa, a shekarar da ta ci kofi. Wannan gurbi, tare da na mai tsaron raga, yana iya juya wasa gaba ɗaya, domin ana maimaita kokawar bayan kusan kowace ƙwallo da aka ci. Jerin da ke tara taurarin aji guda ba ya ba shi nauyin da ya cancanta.

Sauya sheƙar 'yan wasa daga wata jami'a zuwa wata ma ta ƙara dagula lamarin, musamman tun 2018 da aka sauƙaƙa ta. Maryland da ta ci wasanninta 18 duka a 2022, babban ɗan gabanta Logan Wisnauskas daga Syracuse ya taso, don haka ba a lissafinta jerin ya fara saka shi ba.

Kada a ce kuma masu jerin ba su san aikinsu ba. A kan ɗaiɗaikun da ke can ƙololuwa sukan dace: Brennan O'Neill, wanda aka sa na ɗaya a ajin 2020, ya karɓi Tewaaraton a 2023 yana Duke. Amma a wannan shekarar Notre Dame ce ta doke Duke 13 da 9 ta tafi da kofin.