Mai bincike kan tsofaffi ya aiko mana takardar tarihin aikinsa: ta yaya za mu auna shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ina unguwar Birni a nan Damagaram. Mu mata 12 muke da ƴar ƙungiya, kowace da tsoho ko tsohuwar da take jinya a gida. Wani mai bincike kan tsufa yana son ya zo ya yi aiki da mu, ya aiko da tarihin karatunsa da ayyukansa, shafi 11 da Faransanci. Na karanta, kaina ya ɗaure. Ta yaya zan gane ko ya san aikin kafin mu buɗe masa ɗakunan iyayenmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ku ladan jinya, ya ba iyayenmu lafiya. Kin yi daidai da kika tsaya tambaya, domin ɗakin tsoho mai ciwo wuri ne na sutura.

Shafin farko ba zai ɗauke ki lokaci ba. Digirori ne da muƙami. In malamin jami'a ne a Nijar, ko a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ko a Abdou Moumouni ta Yamai, ƙarin girmansa yakan bi ta hukumar CAMES mai tantance malaman jami'o'i a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Matakan su ne maître-assistant, sai maître de conférences, sai cikakken farfesa. Muƙamin yana nuna tsararrakinsa sun duba aikinsa sun yarda da shi. Bai nuna cewa tsufa ne fanninsa ba. Wannan sai ki duba taken kundin digirinsa na dakta da abin da ya rubuta a shekaru biyar na baya-bayan nan.

Kada ki ƙi shi don kin ga ya fara da binciken tamowa ko haihuwa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, shi ya sa kuɗin bincike suka daɗe suna tafiya wajen uwa da jariri. Yawancinmu masu binciken tsufa ta wannan ƙofa muka shigo, wani likita, wani masanin ƙidayar jama'a, wani masanin zamantakewa.

Sai jerin maƙalu, inda shafukan suka fi yawa. Ɗauki biro ki sa alama a kan waɗanda suka shafi tsofaffi ko masu jinyarsu kawai. Wataƙila cikin 40 ki sami 5, kuma 5 ɗin nan su ne mutumin da zai zo muku. Duba inda sunansa yake: wanda ke farko yawanci shi ya yi wahalar aikin, na ƙarshe a fannin lafiya sau da yawa shi ne shugaban tawaga, na tsakiya kuwa taimako ya bayar. Ki sa wani yaro mai waya ya rubuta taken maƙala ɗaya a shafukan neman maƙalun bincike irin su Google Scholar ko PubMed ko African Journals Online ya gani ko tana nan. Akwai mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komi cikin mako guda ba tare da wani masani ya tantance ba, kuma suna cika takarda da sauri.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Me ya auna, kuma da wane ma'auni?

A fanninmu akwai ma'aunai da kowa ya sani. A 1963 wani likita Ba'amurke, Sidney Katz, ya fitar da abubuwa 6 da ake duba ko tsoho yana iya yi da kansa: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A 1969 Lawton da Brody suka ƙara irin su girki, cefane, wanki, shan magani da riƙon kuɗi. A 1980 Steven Zarit ya kawo tambayoyin auna nauyin da ke kan mai jinya, waɗanda aka fi sani da tambayoyi 22. Duk ayyuka ne masu kyau, ni ma ina amfani da su. Amma a Amurka aka ɗinka su. Ki tambayi dattijon Birni ko yana iya girki, mutumin da bai taɓa hura wuta ba tun da aka haife shi, me amsarsa za ta gaya miki game da ƙarfinsa? Abin da zai gaya miki gaskiya shi ne ko yana iya ɗaukar buta ya yi alwala, ko yana iya tsugunawa a masai ya miƙe ba a kama shi ba, ko yana kai kansa masallaci da asuba, ko ya koma salla a zaune.

Na gane wannan ne a gidanmu, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da gwaggona shekara biyu. Matar ɗanta ce ke tashi ƙarfe uku na dare ta canza mata zane, ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, da safe ta jira mai garuwa, domin kin san yadda ruwa yake a garin nan da bazara, kuma wankin mai kwance ba ya jira. Wata rana na karanta wa matar ɗan nata ɗaya daga tambayoyin nan, ko tana jin jinyar ta yi mata nauyi. Ta ce, "Subhanallahi, uwata ce, lada nake nema." Hannunta duk ya tsattsage saboda omo, ta bar sana'ar ƙosanta wata takwas. Da na rubuta amsarta yadda ta faɗa, da na auna kunya da tarbiyya na kira su rashin nauyi. Mai binciken da ya san aiki zai tambaye ta awa nawa ta yi barci jiya, yaushe rabonta da zuwa suna ko biki, wa ke sayen magani, jika nawa ke tafiya a ruwa da sabulu kowane mako.

Saboda haka ki nemi alamar cewa ya taɓa gyara ma'auni ya dace da mutanen da ba su yi boko ba. An yi hakan a kusa da mu. Binciken ruɗewar tsufa da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan ta Najeriya da Indianapolis ta Amurka bai tsaya ga gwada tsohon kaɗai ba, yana zama da wani ɗan gida da ya san shi, ya tambaye shi abin da ya canza.

Wani sashe na takardar zai yi maganar manufofin kulawa ta dogon lokaci, wato tsarin da hukuma ke yi don wanda ya kasa yi wa kansa hidima wata da watanni. Jamus ta kafa inshorar wannan kulawa a 1995, Japan a 2000, dukansu a kan al'ummar da mafi yawanta ke biyan haraji da gudummawa daga albashi. Mu nan fansho na CNSS (asusun ma'aikatan kamfanoni) da na CARENI (asusun ma'aikatan gwamnati) ma'aikata yake kaiwa, manomin Mirriya da mai tuwo-tuwo a kasuwar Dole ba sa ciki, kuma fanshon ma kuɗi ne, ba hannun da zai juya mai kwance ba. In duk abin da ya rubuta kwatancen Turai ne da shawarar gina gidajen tsofaffi, to bai zauna da mu ba tukuna. Na fi son in ga ya san shirin Madrid na Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsufa na 2002 da yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi ta 2016, sannan ya sauko ƙasa. Farfesa Nana Araba Apt ta Jami'ar Ghana ta yi shekaru tana nuna yadda ƙaura zuwa birni ke sassauta igiyar da ke riƙe tsoho a gida. Namu ya kamata ya iya faɗin abin da cin rani ke yi a ƙauyukan Magarya, da abin da tafiyar mata Aljeriya daga wajen Kance ta bar wa kakanni, waɗanda su ke buƙatar kulawa amma su ke riƙon jikoki.

Akwai abubuwan da takarda ba za ta nuna ba, sai kun tambaya. Ya nuna muku izinin kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya. Ku ji wa zai yi tambayoyin, domin tsohuwa ba za ta yi maganar fitsarin kwance da saurayi ba, mace za a turo mata. Kowace tsohuwa da kowane tsoho suna da ikon cewa a'a, ko da ƙungiya ta yarda, wanda hankalinsa ya ruɗe kuwa sai da yardar mai kula da shi. Hoto kada a ɗauka sai an nemi izini daban. Ku kuma sa ya faɗi watan da zai dawo ya karanta muku sakamako da Hausa.

Kafin komi, Hajiya, ku gayyace shi zaure, ku 12 ɗin, ku zaɓi maƙala ɗaya cikin waɗanda kika sa wa alama, ku ce ya yi muku bayaninta da Hausa: gida nawa ya shiga, kwana nawa ya yi, me ya samu, me ya canza bayan nan. Ku bar wadda ta fi daɗewa tana jinya a cikinku ta fara yi masa tambaya.