Tambaya da Amsa: Girgizar atom da sufakondakta

Tambaya: Malam, barka da aiki. A aji an koya mana cewa girgizar atom ce ke haɗa ilektron biyu-biyu har lantarki ya gudana babu turjiya. To me ya sa ake cewa wannan bayani bai wadatar ba ga sufakondakta (abubuwan da lantarki ke bi babu turjiya) masu jure zafi?
Ɗalibin fiziks, Samaru, Zariya

Amsa: Abin da aka koya maka daidai ne, amma ga ƙarafa irin su zaiba da dalma. In ilektron ya ratsa, atom ɗin da ke gefen hanya masu cajin fozitif sukan rankwafo wajensa. Da yake suna da nauyi, kafin su koma mazauninsu ilektron ɗin ya yi nisa, sai wani ilektron na baya ya tarar caji ya taru, ya bi sawu. A kan haka Bardeen da Cooper da Schrieffer suka gina ka'idarsu a 1957. Tun a 1950 ma an ga alama: zaiba mai atom masu nauyi ta fi bukatar sanyi kafin turjiyarta ta ɓace.

Rigimar ta taso ne bayan Bednorz da Müller sun gano sufakondakta dangin jan ƙarfe da oksijin a Zurich a 1986, sannan a 1987 wani ɗan dangin mai suna YBCO ya kai matakin zafin da turjiya ke ɓacewa zuwa kusan digiri 92 a ma'aunin Kelvin, sama da ruwan naitirojin mai digiri 77. Sai aka sake wancan gwajin na nauyin atom a kan YBCO. Ana raba samfur gida biyu, a gasa ɗaya cikin oksijin-16, ɗayan cikin oksijin-18 wanda ya fi nauyi, a tanderu ɗaya, zafi ɗaya, lokaci ɗaya, sannan a auna nauyi don a tabbatar musanyar ta shiga. Da girgizar oksijin kaɗai ke riƙe da ilektron, da matakin ya sauka da kimanin digiri 5. Abin da aka samu bai kai rabin digiri ba.

A nan ake yawan tuntuɓe, kuma ina so ka kula. YBCO na zubar da oksijin cikin sauƙi. In adadin oksijin ya ragu daga 7 zuwa wajen 6.5 a fomula, matakin yakan faɗo zuwa kusan Kelvin 60. Ke nan ɗan sakaci wajen gashi zai ba ka sauyin da ba na nauyi ba ne. Maganinsa a mayar da musanyar: a sake gasa na 18 cikin 16, a ga ko ya dawo inda yake.

Don haka masana da yawa suka karkata ga cewa maganaɗisun atom ɗin jan ƙarfe ne ke haɗa ilektron. Ni dai ban ga dalilin watsar da girgiza ba, domin a samfurin da aka rage wa masu ɗaukar caji, tasirin nauyin oksijin yana fitowa ƙarara. Kuma a 2015 a Mainz ta Jamus, sinadarin haidirojin da farar wuta ya kai Kelvin 203 ƙarƙashin matsi na kusan gigafaskal 150. Da aka sa haidirojin mai nauyi, matakin ya sauka sosai, kamar yadda tsohuwar ka'ida ta ce.