Kaka Ta Kawo Kabewa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Saye, Ajiya da Girki

Duk wanda ya leƙa kasuwar kayan miya a 'yan makonnin nan ya ga kabewa tuli-tuli kusa da sabuwar gyaɗa da yakuwa. Tambayoyinku ma sun taru a kanta, shi ya sa na bar mata filin wannan makon gaba ɗaya. Na taƙaita wasiƙun, kuma ban sa sunan kowa ba.

Tambaya: Anti, ni amarya ce a Kano. Maigida yana son miyar taushe, amma duk sanda na yi sai ta fito tsululu, ba gardi. Yaya zan gane kabewa mai kyau? Kuma wanne ya fi, in sayi guda ko yanka?

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Rabin matsalarki daga kasuwa take, rabin kuma daga tukunya.

A wajen sayen kabewa hannu ya fi ido gani. Ki ɗaga biyu masu girma ɗaya, ki ɗauki wadda ta fi nauyi, domin ita ce mai kaurin tsoka. Mara nauyin yawancin cikinta rami ne. Sai ki dasa farce a ɓawon. In ya shige da sauƙi, ba ta ƙosa ba aka tsinko ta, kuma irinta ce ke ba ki miya salam. Wadda ta ƙosa ɓawonta da tauri, ba ya sheƙi sosai, ɗan karan da ke kanta kuma ya bushe ƙamas. Ki juya ta ki duba gefen da ya kwanta a ƙasa tun a gona. In wurin ya yi laushi ko ya tsage, ki ajiye wa mai kabewar abarsa kome ragin da zai yi miki. Kada girma ya ruɗe ki. Sau da yawa 'yar madaidaiciya ta fi ƙatuwa gardi.

Ta yanka tana da fa'ida ɗaya, kina ganin cikinta. Ki nemi mai launin ruwan goro mai duhu, tsokarta a cure, 'ya'yanta a cike ba shafal ba. Mai hasken launi ruwa ne ya yi mata yawa. Amma fa ki ce a yanka miki sabuwa a gabanki. Yankan da ya wuni a faranti cikin rana, ƙuda na bi, fuskarsa ta fara yauƙi, ba na saye ba ne ko da kyauta ne.

Ku biyu ne a gida, don haka shawarata ki sayi ƙarama guda, ko ku haɗa da maƙwabciya ku raba babba. A wannan lokaci guda ta fi yanka sauƙi nesa ba kusa ba. In maigida zai iya biyawa kasuwar 'Yankaba da safe, can zai samu zaɓi fiye da na mai kayan miyan bakin layi.

Sai tukunya. Ina kyautata zaton kina nutsar da kabewar cikin ruwa ki tafasa, sannan ki zubar da ruwan. Ita da kanta ruwa ce, fiye da kashi 85 cikin 100 nata. Ki yanka ta manya-manya da ɓawonta, ki turara a madambaci kamar minti 20, sai cokali ya shige ba gardama. Ki kwashe tsokar ki dama da ludayi. Kin huta da wahalar fere, yatsunki kuma sun tsira daga wuƙa. Kanwa kuwa ki bar ta. Kabewa ba ta buƙatar mai lallashinta ta nuna, kuma kanwa tana lalata wasu bitamin na cikin ganye.

Tambaya: Hajiya, mijina yana da ciwon suga da hawan jini. Wata ta ce mini kabewa maganin suga ce, in riƙa ba shi ruwanta kullum. Wata kuma ta ce kada ya kuskura ya taɓa ta saboda zaƙinta. Wa zan bi?

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu. Kabewa abinci ce mai kyau, ba magani ba ce, kuma kada ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa saboda ita.

Ga lissafin da zai kwantar miki da hankali. A gram 100 na ɗanyar kabewa, sitaci da suga ba su wuce gram 7 ba a mai ruwa-ruwa, mai gardi sosai kuma ta kai wajen gram 12. Dafaffiyar farar shinkafa gram 100 tana da kusan gram 28. Kin ga ashe abin tsoron ba cikin kwanon miya yake ba, yana cikin malmalar tuwon shinkafar da ke gefe. Waina da sinasir, waɗanda muka fi so da taushe, sun fi ma, tunda ana sa musu suga a ƙullu kuma da mai ake toya su. Ki yawaita masa miya, ki rage malmala. Tuwon dawa ko na acha ba laifi, amma su ma girman malmalar ne abin lura. In kuna da na'urar awon suga a gida, ya auna awa 2 bayan cin abincin. Abin da ta nuna ya fi maganar kowace maƙwabciya.

Ainihin inda miyar taushe ke cutar da mai hawan jini shi ne abin da muke lafta mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai gram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kayan gwangwani. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Mace ta jefa biyar a tukunya, ta ƙara gishiri, sannan ta ce ai ba ta sa masa gishiri da yawa.

Ga yadda zan so ki yi. Ki ɗora nama da ƙashi tare da albasa, citta, tafarnuwa, masoro da daddawa wadda kika daka da kyau. Daddawar nan ita za ta ɗauke miki rabin aikin magi. In ya dahu ki sauke, ki bar romon ya ɗan huce, ki yaɗe kitsen da ya taso sama. A wata tukunyar ki sa manja cokali 2 kacal, ki soya jajjagen tattasai da attarugu da tumatir har tsamin ya fita, ki juye romon da naman. Sai damammiyar kabewa, mai yawa, ita ce za ta ba miyar kauri. Gyaɗar da kika niƙa ki dama ta da ruwan ɗumi ki zuba, ki rage wuta, ki riƙa juyawa don tana saurin kamu. Za ki ga ɗan mai ja-ja ya fara tsattsafowa a gefen tukunya; na gyaɗar ne, kusan rabinta mai ce, shi ya sa na ce manja cokali 2 ya isa. Yakuwa kaɗan ta shiga, sannan alayyahu da lawashi a ƙarshe, minti 3 zuwa 5 ki sauke tun ganyen yana kore shar. Tsamin yakuwa yana tayar da ɗanɗano har mutum bai cika neman ƙarin gishiri ba.

Kada kuma ki ce za ki cire mai ɗungurungum. Sinadarin da ke ba kabewa launinta, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki da kyau.

Abu ɗaya za ki tambayi likitansa: yaya ƙodarsa take? Suga da hawan jini sukan taɓa ƙoda, kabewa da alayyahu kuma suna da sinadarin fotasiyam da yawa. In ƙodar lafiya lau, wannan alheri ne gare shi. In ta fara rauni, likita ne zai faɗi adadin da zai ci.

Tambaya: Hajiya, ƙanena ya kawo mini kabewa goma sha biyu daga gona, wutar lantarki kuma ba ta zama a unguwarmu. Yaya zan ajiye su? Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Malam, ba ka buƙatar firji. Kabewar da ta ƙosa kuma ba ta ji rauni ba tana iya yin watanni. Ka fara ware su: duk wadda ta ƙuje, ko karan kanta ya cire, ita za a fara ci, domin ta nan ruɓa ke shiga. Sauran a goge musu ƙasa da busasshen tsumma, kada a wanke, a bar su su sha iska kamar kwana 10 ɓawon ya ƙara tauri. Sannan a jera su a kan katako ko buhu a ɗaki mai sanyi da iska, kada su taɓa juna, kada kuma a dire su kan siminti mai danshi. Duk mako a juya su a duba. Ka hana yara ɗaukarsu ta kara.

In ka ga sun fi ƙarfinku, hunturu na tafe. Uwargida ta fere, ta yanka siriri, ta baza a faifai ko tabarma mai tsabta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ta rufe da yadi mara kauri saboda ƙura. Shanyar inuwa ta fi ta tsakar rana riƙe launi da amfani. In ta bushe har tana karyewa, a zuba a mazubi mai murfi, ko a daka ta zama gari. Da bazara, lokacin da kayan miya suka yi tsada, za ku gode wa ƙanen nan naka. 'Ya'yan ma kada a zubar: a wanke, a shanya, a soya a kasko ba mai, yara su ɓare su ci, ko a daka a sa a miya a madadin agushi.

Tambaya: Anti, ina karatu a Ingila. A watan Oktoba na ga manyan kabewa da araha a kanti, na saya na yi taushe, sai ta fito lami, duk zare. Me ya faru?

Amsa: Ƙanwata, araha ba ta ado. Waɗancan ƙattin ana noma su ne don bikin Halowin na 31 ga Oktoba, inda ake rarake cikinsu a sassaƙa musu fuska a sa kyandir. Ana iya ci, amma girma da siffa aka nema a jikinsu, ba ɗanɗano ba. Ki nemi wadda aka rubuta wa butternut squash, mai dogon wuya da ɓawo ruwan ƙasa, ko kabocha, koriya mai duhu 'yar dunƙulalliya. Ki tsaga biyu, ki shafa mai kaɗan, ki gasa a obin a zafin digiri 200 kamar minti 40. Gashin yana tsotse ruwan ya bar gardin, har sai kin ji taushen ta fi ta gida kauri. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba ta yi, muddin kin karanta jikin kwalbar kin ga ba suga. Yakuwa kuwa ki leƙa shagunan Indiyawa ki ce gongura kike nema. In babu, matsa lemon tsami kaɗan bayan kin sauke.

Tambaya: Mama, ɗana yana da wata 8, yana son damammiyar kabewa, kullum ita nake ba shi. Yanzu tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi ruwan ɗorawa. Ko shawara ce?

Amsa: 'Yata, ki duba idonsa a hasken rana. In farin idon yana nan fari tas, fitsarinsa bai yi duhu ba, yana wasa yana shan nono, to launin kabewar ne ya taru a fata, ba ya cutarwa, kuma zai tafi a hankali in kin rage. In farin idon ya sauya, ko yana zazzaɓi, ko ya yi laushi, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne "kullum ita". Kabewa tana kare ido daga dundumi, tana da laushi, ta dace da yaron da ya cika wata 6 ya fara cin abinci. Amma ƙarfinta kaɗan ne. Mai ruwa-ruwa gram 100 kalori 26 ne kawai. Cikin yaro ƙarami ne, in ta cika shi ita kaɗai ba zai yi ƙiba ba. Ki haɗa ta da dafaffen ƙwai, ko kifin da kika tsince ƙayarsa tsaf, ko waken da kika surfe, ko ki dama ta cikin kunun gero da niƙaƙƙiyar gyaɗa da ɗigon mai. Gyaɗar ki tsince ta, duk mai fumfuna ko baƙi-baƙi ki zubar. Ban da gishiri da magi, ban da zuma sai ya cika shekara. Ɗigon bitamin A da ake ba yara a wajen rigakafi kuma ki ci gaba da kai shi, kabewa ba ta maye gurbinsa.

Tambaya: Anti, kabewa ta fito da kanta a bayan gidanmu, mun yanka sai muka ji ɗaci. In na tafasa na zubar da ruwan, ko na sa suga, za ta ciwu?

Amsa: A'a, ki zubar da ita duka. Kabewa mai kyau ba ta ɗaci ko kaɗan. Ɗacin alamar wani sinadari ne mai guba da dangin kabewa da duma kan yi, ya fi fitowa a waɗanda suka tsiro da kansu ko suka sha fari, kuma tafasa ba ta kashe shi; suga ɓoye shi kawai zai yi. Yana sa ciwon ciki da amai da gudawa cikin 'yan awoyi. In wani ya riga ya ci har ya fara, a ba shi ruwan gishiri da suga a kai shi asibiti, musamman yaro ko tsoho. Ki tuge shukar, kada ki ajiye 'ya'yanta don iri, kuma daga yau duk kabewar da kika yanka ki ɗan lasa gefenta kafin ta shiga tukunya.