Tambaya da Amsa: Taimakon da Ke Zuwa Kafin a Sayar da Akuya

Wasiƙun wannan mako daga jihar Tahoua suka fito. Masu amsawa ma'aikata ne da suka daɗe kan harkar bankunan cimaka da yaƙi da tamowa a yankin Adar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A garinmu, cikin yankin Illela, an taɓa kafa mana bankin cimaka da buhu 100 na hatsi. Shekara 3 ba ta cika ba mangaza ta zama wayam, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Yanzu muna son mu tada shi da ƙarfinmu. Ta ina za mu fara? (Wani magidanci, Illela)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bankin da aka tashi haɗawa a watan Yuni ya riga ya makara, don a lokacin hatsi ya yi tsada, gidajen da ake son tarewa sun fara sayar da bisashensu. Saye daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ake yi, sayarwa kuma daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, noma ya kankama.

Ku yi lissafi kafin ku tara ko dala. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kusan tiya 40. Gida mai mutum 7 yana cin kusan tiya 2 a rana in za a ƙoshi. Banki ba zai ciyar da gari ba, cike giɓi ne aikinsa. In kuna da gidaje 40 da kuke son kowane ya samu tiya 1 a rana har kwana 60, buhu ɗaya da rabi ke nan ga kowane gida, buhu 60 gaba ɗaya. In ƙarfinku buhu 20 ne, ku rage kwanakin, ku kai su tsakiyar Yuli zuwa Agusta. Nan ne magidanci ke barin gonarsa cikin haki ya tafi barema gonar wani don ya samo tiyar dare, kuma gonar da aka bari ita ce yunwar baɗi.

Ga yadda ake tsaida farashi. A ce buhu ya tsaya muku jika 25. Ku ɗora jika 1 na amalanke da buhun zubi, jika 1 na mai gadi da mai awo, jika 1 na raguwar da ba ta da makawa. Ya zama jika 28, wato sefa 700 kowace tiya, dala 140 ke nan. Kada ku sayar ƙasa da haka don tausayi. Tausayin yana cikin sayarwa tiya-tiya ga ƴan gari, da ƙayyade abin da gida ɗaya zai saya a mako, don kada mai kuɗi ya kwashe da buhu ya kai kasuwa.

Abin da ya fi kashe bankuna bashi ne. Shekarar farko a ba kowa, damina ta zo da gardama, rabi su kasa biya, sauran su ce ai wane ma bai biya ba. Mu a ganinmu kada bashi ya wuce kashi 1 cikin 5 na abin da ke mangaza, kuma sai ga gidajen da taron gari ya amince da su tun kafin a buɗe ƙofa. Maigari da ƴan kwamiti su ne na ƙarshe a layi, in ma za su shiga. Wanda ya ranci tiya ya maido tiya a kaka. Ƙarin da wasu ke ɗorawa yana jawo maganar riba, kuma da zarar malamin gari ya ɗaga murya a kai, biya ya tsaya. Ku cike raguwar da gonar gayya ko da dame ɗaya daga kowane gida.

Sai ajiya. Hatsin da bai bushe ba yana fumfuna a cikin buhu. Ku zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba da cokalin gishiri, ku rufe, ku girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a maida hatsin rana. A jera buhuna kan katako, a bar wajen taku ɗaya tsakaninsu da bango, kada a haɗa sabo da tsoho. In akwai wake, buhun PICS mai ruɓi uku ya fi, muddin an ɗaure kowane ruɓi daban kuma ba a huda shi ba. Tiyar da aka saya da ita, da ita za a sayar, kuma a zazzage buhu a auna ranar saye, don ba kowane buhun kasuwa ke cika tiya 40 ba. Ƙofa kwaɗo 3, makullai a hannun mutum 3 da ba gida ɗaya suke ba, aƙalla ɗaya mace. Kuɗin ciniki kada su kwana a ɗakin ma'aji har kaka: biki da suna da rashin lafiya ba sa barin kuɗi su zauna. A kai su asusun ajiya da sa hannun mutum biyu.

Akwai shekarar da hatsi ba ya tashi, ko OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta gwamnati, ta kawo na farashi mai rahusa ya karya kasuwa. To ku sayar da naku kafin sabo ya shigo, ko da uwar kuɗi kawai za ta dawo.

TAMBAYA: Mu ƙungiyar mata ce a wata unguwa ta birnin Tahoua. Duk damina sai mun ga yara sun rame, ba a kai su likita sai abin ya yi nisa. Mu da ba mu yi lakwal ba, akwai abin da za mu iya? (Wata shugabar mata, Tahoua)

AMSA: Akwai, Hajiya, kuma ba ya buƙatar karatu. Ku je CSI, wato gidan likitan unguwarku, ku nemi zaren awon damtse mai launi uku, ku roƙi a koya muku. A Mirriah, cikin jihar Zinder, ƙungiyoyin lafiya ALIMA da BEFEN sun gwada ba uwaye wannan awo a hannunsu, aka ga awonsu bai gaza na wakilan lafiya na gari ba, kuma yaran suna isa likita da wuri.

Ana auna yaro daga wata 6 zuwa wata 59. A tuɓe hannun hagu, a bar shi ya sauka sake, a zagaya zaren a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kada a ja har fata ta tattare, kada kuma a bar shi yana lilo. Kore lafiya. Rawaya, daga milimita 115 zuwa ƙasa da 125, tamowa ta fara, a kai shi cikin makon. Ja, ƙasa da 115, a kai shi ranar, ba gobe ba. Wani kuskure da ake yi shi ne aunawa kusa da kafaɗa inda nama ya fi kauri, sai yaro mai rawaya ya fito kore.

Bayan zare, a duba ƙafafu. Ki danna bayan ƙafafun yaron duka biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, wannan kumburin tamowa ne mai tsanani ko da zare ya nuna kore. Irin wannan yaron ne ake cewa ya yi ƙiba, alhali ruwa ne. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a jiran zare: in ya daina kama nono da kyau, a tafi.

Ku raba unguwa, kowace mace ta riƙe gida 10 zuwa 15. Daga Yuni zuwa Oktoba a auna kowane mako, sauran watanni sau biyu a wata, da kuma duk lokacin da yaro ya tashi daga zawo, ƙyanda ko masassara. Ku sa ido musamman kan wanda aka yaye rana ɗaya don uwa ta samu ciki, da tagwaye, da wanda aka bar wa kaka. Kuma in aka ce haƙora ne ko beli, a auna tukuna kafin a nufi gidan wanzami. Makonni biyun da ake ɓatawa a can su ne ke maida rawaya ja.

A likita za a gwada ko yaron yana iya cin Plumpy'Nut, abincin maganin tamowa na gyaɗa da ke zuwa cikin leda. In ya ci, ana ba da na mako a koma gida, a riƙa dawowa awo. Maganin yakan ɗauki mako 6 zuwa 8. In ya ƙi ci, ko akwai wani ciwo a kai, za a tura shi CRENI, sashen asibiti na masu tamowa mai tsanani, a kwantar. Inda ake faɗuwa a gida biyu ne: a raba ledar da yayyensa, ko a daina zuwa da zarar kumatu sun ɗan ciko. Ledar magani ce, ta mutum ɗaya. Ba a dama ta da ruwa, ana ba shi ruwa mai tsabta ya sha a kai, nono kuma ya ci gaba.

Ga mai kore da ake tsoron ya zame, a gyara kunu: awo 3 na garin hatsi, awo 1 na soyayyen wake, awo 1 na gyaɗa, a niƙa tare, a dama da kauri yadda ba zai tsiyaye daga cokali ba, a barbaɗa garin zogale. Kunu tsululu ciki kawai yake cikawa. Sannan maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake rabawa wata-wata da damina ga yara daga wata 3 zuwa 59 na kwana 3 ne. Mai rabo yana ba da na ranar farko, na biyu da na uku a hannun uwa suke, kuma su ne ake mantawa a ƙarƙashin katifa. Matar da ke riƙe da gidan ta leƙa ta ga an sha.

TAMBAYA: Duk lokacin da aka ce a rubuta mabuƙata sai rigima ta tashi, wanda ya fi baki shi ke shiga. Yaya za a gane na gaskiya? (Wani matashi ɗan fada, Bouza)

AMSA: Samari, rigimar tana tashi ne don ana rubutu ranar da kaya suka iso. Ku rubuta a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da babu abin rabo, kuma kowa ya san dame nawa maƙwabcinsa ya ɗauko.

Taron gari ya fara yarda da alamomi kafin a ambaci sunan kowa: rumbun da ba zai kai wata 3 ba, gidan da babu ko akuya, gidan da maigida ya tafi biɗa Abijan ko Libiya wata 3 babu aike, mai takaba da ƙananan yara, tsoho ko naƙasasshen da babu mai yi masa noma. Daga nan a zaunar da rukuni uku daban-daban, dattawa, mata, matasa, kowane ya fitar da sunayensa ba tare da ya ga na wani ba. Sunan da ya fito a duka uku ya shiga. Wanda ya fito a ɗaya ko biyu, mutum biyu su je gidan su gani. Kada ku raina takardar mata. Su ne suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya, da wadda ta daina zuwa niƙa, kuma su ke tuna mai kunyar da ba za ta taɓa buɗe baki a taro ba.

Takardar ba ta ƙare a nan ba. Sau ɗaya a wata ku duba wa ya sayar da akuya mai ciki, wa ya ba da gona jingina, wa ya koma cin anza, wa ya cire yarinya daga lakwal. Waɗannan su ne matakan da in an taka ba a cika dawowa ba, kuma sau da yawa abin da zai hana su bai wuce tiya 20 ko kuɗin kabu-kabu zuwa likita ba. Don haka muke son kowace ƙungiya ta riƙe asusun jinƙai daban. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya faro a Maradi a 1991 tare da CARE, ya nuna hanya: zubi kowane mako, akwati mai kwaɗo 3, jakar bashi daban, jakar taimako daban. Ku rubuta tun farko abin da jakar taimakon ke biya da iyakarsa, ku ba mutum biyu izinin fitarwa ko da tsakar dare. Kuɗin da sai an jira taron mako kafin su fita ba sa kai mai naƙuda asibiti. In garinku yana da kwamitin SCAP-RU, mai lura da alamun yunwa da bala'i tun da wuri, ku riƙa miƙa masa abin da kuka gani, shi ke kai labari komin.

TAMBAYA: Muna da kuɗin awaki 12, muna son mu yi habbanaye ga zawarawa. A ba mutum 12 ɗai-ɗai? (Wani limami, Keita)

AMSA: Allah ya gafarta Malam, a'a. Akuya ɗaya in ta mutu ko ta yi ɓari magana ta ƙare. A ba mata 5 biyu-biyu, sauran kuɗin a sayi bunsuru ɗaya na haɗaka da magani da dusa. Akuya tana wata 5 da ciki, don haka a bar su wajen shekara ɗaya da rabi, har a haihu a yaye, sannan uwayen su wuce gida na gaba, ƴaƴan su zauna. A rubuta sunan mai jiran gado tun ranar farko, ita za ta fi kowa sa ido.

A saya bayan kaka, lokacin da harawa da kara suke a ƙasa, a kasuwar kusa don dabbar ta saba da ƙasar. A yi musu allurar rigakafin PPR, annobar awaki da tumaki, da maganin tsutsar ciki, a ware su mako 2 kafin su shiga cikin na gari. Kada a kai akuya gidan da babu tuwon dare a watan Yuni, kasuwa za ta nufa. Irin wannan gida a fara haɗa shi da bankin cimaka. A kuma yanke tun yanzu abin da za a yi in dabba ta mutu: mutum biyu na kwamiti su ga gawar, in ba sakaci ba ne asusu ya maye gurbinta, in an sayar ne mai riƙon ta biya da ɗiyar farko.