Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohon soja ne, ɗan kasuwa ne, ya yi kansila, in bi shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ina da ɗan shago a kasuwar Dole, nan Damagaram. Wani Alhaji a unguwarmu, Garin Malam, ya ce in an dawo da zaɓe zai nemi kujerar magajin gari, yana so in riƙe masa matasa. Ya yi soja har ya yi ritaya, yana fataucin hatsi da siminti, kuma ya taɓa zama kansila. Mutane na cewa wanda ya haɗa waɗannan uku ya cika. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gode Allah da ka samu lokacin tunani. Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwa a Nijar, aka naɗa masu riƙo, a Maris ɗin 2025 kuma aka rushe jam'iyyu. Ba ranar zaɓe a gabanka, don haka kada ka yi saurin ba shi amsa.

Batun kaki, mu a Nijar mun ga iri-iri. Marigayi Tandja Mamadou soja ne, yana cikin waɗanda suka yi juyin mulkin 1974 tare da Seyni Kountché. Ya riƙe Maraɗi, ya riƙe Tawa, ya yi ministan cikin gida, ya yi jakada a Najeriya. A 1993 ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, farar hula, ya kayar da shi a zagaye na biyu, Tandja bai samu mulki ba sai 1999. Ina koyarwa a wani ƙauye ta wajen Mirriya lokacin da aka gina mana aji ɗaya cikin shirinsa na musamman. Kafin nan a rumfar kara nake karantar da yara, da damina ta kama sai mu tashi. Har gobe ina yi masa addu'a saboda wannan aji. Amma shi ɗin ne ya kawo tazarce a 2009, sojoji suka tuɓe shi a Fabrairun 2010. Ibrahim Baré ma soja ne, ya karɓi mulki a 1996, aka kashe shi a 1999. Abin da nake nufi, kaki yana koya wa mutum ba da umurni, amma a tsarin da aka rushe a 2024, magajin gari kansiloli ne ke zaɓensa daga cikinsu, kuma kasafin kuɗinsa sai sun amince. Nemi tsofaffin da suka yi aiki ƙarƙashin Alhajin, ka ji ko yana iya sauraron wanda ya ce masa a'a.

Kasuwa kuwa kai ka fi ni sani. Ka san mai biyan bashi, ka san mai ɓoye gero sai watan Yuli ya fito da shi.

Inda nake so ka tsaya ka daɗe shi ne shekarunsa na kansila, domin nan ne kaɗai ya taɓa dukiyar da ba tasa ba a gaban idonku. Wane zaɓen kansiloli ya ci, na 2004, na 2011 ko na 2020? Yana zuwa zaman majalisa, ko sai ranar da ake raba kuɗin zama? Da aka yanka filaye a zamaninsu, nawa suka faɗa hannunsa da na ƴaƴansa? Wannan tana ci mini rai ƙwarai. Na san unguwar da aka ware fili don makaranta, yau gidaje ne a wurin, kuma da sa hannun wani kansila da muke salla sahu ɗaya da shi. Yaran unguwar yanzu sai sun tsallaka kwalta suke zuwa lakwal. Ka bincika kuma ko yana kansila yana karɓar kwangilar siminti daga ma'aikatar magajin gari, ko da sunan ƙanensa ne. In ya yi haka da ƙaramar kujera, ka san abin da zai yi da babba.

Sai ruwa. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san layin jarkoki da tsakar dare a watan Afrilu, ya san yadda kuɗin ƴan ga-ruwa ke tashi in zafi ya tsananta. Garin yana zaune kan dutse, shi ya sa ake jawo ruwan daga nesa, irin su Gogo da Aroungouza da Ganaram. Kawo shi ba aikin kansila ba ne, kuma in Alhaji ya ce shi kaɗai zai kawo ƙarshen matsalar, ba gaskiya ya faɗa maka ba. Amma kansila na iya tsayawa a ƙara pampon unguwa, a gyara wanda ya mutu, a hana masu riƙe da shi tsawwala kuɗi. Tambayi matan Garin Malam, su ne ke bin layin, za su gaya maka ko sun taɓa ganinsa a wurin.

In ka gama wannan bincike ka je ka same shi da kanka, da ladabi, babanka ne. Ka ce, "Alhaji, matasan da zan tara za su tambaye ni abin da ka yi kana kansila, me zan gaya musu?" Ka rubuto mini amsar da ya ba ka.