Tambayi Likita: Aikin Farfesa Nicholas White da maganin zazzaɓin cizon sauro

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An kwantar da ɗana ɗan shekara uku saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, har da sanƙarewa. Na zaci ƙarin ruwan kwinin za a yi masa kamar yadda aka yi wa yayarsa a da, sai na ga wata allura ake yi masa wai atesunet. Ko dai an rage masa magani ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kwantar da hankalinki, abin da ya fi dacewa aka ba shi. Wannan sauyi ya samo asali ne daga aikin Farfesa Nicholas White, likita ɗan Ingila na Jami'ar Oxford, wanda tun farkon shekarun 1980 ya zauna a Tailan yana nazarin yadda magani ke shiga jini, ya yi aiki, ya fita. Shi da abokan aikinsa suka nuna a 1983 cewa kwinin na iya sauke sukarin jinin majinyaci har ya suma. Daga baya ayarinsa ya gwada magungunan biyu kafaɗa da kafaɗa. A 2005, a ƙasashen Asiya huɗu, cikin majinyata 1,461, kashi 22 cikin ɗari na masu kwinin sun rasu, na atesunet kuwa kashi 15. Sai aka ce to yaran Afirka fa? Aka sake gwaji kan yara 5,425 a ƙasashe tara, sakamako ya fito a mujallar Lancet a 2010: kashi 10.9 sun rasu a ɓangaren kwinin, 8.5 a na atesunet. Kada ki raina tazarar nan, domin a kowane yara dubu rai 24 ke nan. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba ga manya da yara. Ana yin allurar da zarar an karɓi yaro, sai bayan awa 12, sai a awa 24. Idan ya fara iya haɗiya, dole a bi shi da ƙwayoyi na kwana uku.

Tambaya: Likita, ina shan ƙwayar maleriya sau biyu sai in ji na warware. Mene ne amfanin ƙarasa shida ɗin?

Amsa: Malam, jin sauƙi daban, warkewa daban. Ƙwayar nan magani biyu ne a haɗe, atemita da lumefantirin. Na farkon yana da zafin nama, yana rage ƙwayoyin cutar kusan ninki dubu goma cikin kwana biyu, amma cikin 'yan awoyi ya bar jini. Na biyun shi ke daɗewa kwanaki yana share ragowar. A da sau huɗu ake shan ta. Binciken da aka yi a Tailan a ƙarshen shekarun 1990, wanda White na cikin masu yin sa, ya nuna shan ta sau shida ya fi hana cutar dawowa, kuma yawan lumefantirin da ya rage a jini a rana ta bakwai shi ke nuna wanda zai warke sarai. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutane da yawa ba a gaya musu cewa hanji ba ya tsotse wannan magani sosai sai da ɗan maiƙo a ciki, ko da madara ce. Ka ci wani abu, ka ƙarasa shida.

Tambaya: Gaskiya ne maganin ya daina aiki?

Amsa: Bai daina ba. A 2009 ayarin White ya ruwaito cewa a Failin ta yammacin Kambodiya ƙwayoyin cutar sun fara jinkirin fita daga jini, an kuma ga irin haka daga baya a Ruwanda da Yuganda. Shan rabin magani na cikin abin da ke ba su wannan dama.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin likitanci ne. Da me ake auna tasirin mai bincike?

Amsa: Ɗana, jami'o'i kan ƙirga yawan maƙalu da yawan waɗanda suka kafa hujja da su. Akwai ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005: mai h 50 yana da maƙalu 50 da aka ambaci kowace aƙalla sau 50. White ya yi zarra ko a wannan lissafi. Ni dai da zan auna mai nazarin magunguna, takardar jinya nake dubawa. Yaron da bai kai kilo 20 ba yanzu miligiram 3 na atesunet ake ba shi kan kowane kilo, ba 2.4 na manya ba, domin an auna jinin yara an ga maganin ba ya kai musu yadda ake so. Tun 2015 wannan ke cikin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da ita za ka yi lissafi duk daren da aka kawo maka ƙaramin yaro a sume.